Fili a gangaren Guzape: a fasa dutsen a baje, ko gidan ya bi tudun?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, musamman daga masu harkar gini. Ina da fili a Guzape, Abuja, takardu sun kammala, sai dai a gangare yake. Safiyo ya auna, daga bakin titi a sama zuwa ƙarshen filin akwai saukar kusan mita 9, kuma dutse ya leƙo waje a wuri biyu. Gangaren yamma yake kallo, in ka tsaya a sama gari na shimfiɗe a gabanka. Ɗan kwangila ya ce a kawo katafila, a fasa dutsen, a yanke sama a cike ƙasa, a tare da katanga, a ɗora bene irin na kowa. Mai zanen gini kuma ya ce kada a taɓa tudun, gidan ya sauka hawa uku yana bin gangaren, a shiga ta sama, gilashi tun daga daɓe har silin, da wurin ninkaya a bakin gaɓa. Uwargida ta ga zanen, ta ce ita ba za ta zauna a cikin kwalba ba. Wanne zan bi?

Talaka Bawan Allah: Wa alaikumus salam Alhaji. Mu da mai gidan haya ya ba wa takardar tashi, mu ma mu sa baki ko mu yi kallo?

Baban Sadiq: Sa baki mana, ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ɗan Kwangila Kubwa: Alhaji ka bi ta farko ka huta. Gidan Bahaushe yana son fili shimfiɗaɗɗe. Ina yara za su yi wasa? Ranar suna ko ɗaurin aure ina za a kafa rumfa? Ragon layya a kan matattakala za a yanka shi? Motoci huɗu ina za su juya? Masu zanen nan hoto suke sayarwa, mu ne muke sanin wahalar da ke bayan hoton. Sannan ka tuna wata rana gidan nan zai iya shiga kasuwa, kuma mai saye gidan da ya saba gani yake nema.

Injiniya Mai Rodi: Ranka ya daɗe, kafin a yi maganar gilashi ko rumfar suna, tambaya ɗaya: an yi gwajin ƙasa? In ba a yi ba, duk shawarar biyu zato ne.

Abin da ke ba ni tsoro a shawarar ɗan kwangila shi ne rabin gida ya zauna a kan dutse, rabi a kan ciko. Dutsen Abuja ba ya motsi. Ciko kuwa, ko da jar ƙasa ce mai kyau, in ba a zuba ta kaɗan-kaɗan ana dannewa da inji ana gwadawa ba, sai ta sha damina biyu ko uku ta zauna. Gefe ɗaya ya sauka, ɗaya yana nan daram, sai tsaga ta fito daidai inda dutse ya ƙare ciko ya fara. Ta fara da tayil, ta hau bango, ƙofa ta daina rufuwa. A shafe da siminti a yi fenti, baɗi ta dawo.

Sai katangar tare ƙasa. Mutane suna ɗaukarta kamar katangar gida ce da aka ƙara wa kauri. Ƙarfin da ƙasa ke tura katanga ba ya tafiya daidai da tsawo: in ka ninka tsawon sau biyu, turin ya ninka sau huɗu. Katanga guda mai mita 6 tana fama da ninki huɗu na abin da mai mita 3 ke ɗauka. Shi ya sa katanga uku gajeru a jere sun fi guda ɗaya doguwa kwanciyar hankali. Kuma abin da ke kayar da yawancinsu ruwa ne. Ruwan sama ya shiga bayanta bai sami mafita ba, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, ruwan kansa ya ƙara turi. Dole a zuba tsakuwa a bayanta, a kwantar da bututu mai huji-huji a gindinta, a bar ƙananan kafofi a jikinta. Na sha ganin birkila ya toshe kafofin nan da filasta don wai suna ɓata kwalliya.

Ɗan Kwangila Kubwa: Injiniya, ai ciko muna yi kullum a garin nan, gidaje na tsaye.

Injiniya Mai Rodi: Suna tsaye, Alhaji, ban musa ba. Cikon mita 1 daban, na mita 5 daban. In za a yi mai zurfi, ginshiƙan su ratsa cikon su dira a kan dutse, to nan na sa hannu. Amma ka lissafa kuɗin, za ka ga sauƙin da kake faɗa ya gudu.

Ɗan Madagali: Ku yi haƙuri in kawo ta ƙauye. Sukur da ke kan duwatsun Mandara a ƙaramar hukumarmu, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, gaba ɗayanta a kan tsauni take. Gonaki hawa-hawa, hanyoyi shimfiɗe da dutse, har fadar Hidi, sarkinsu. Katangun nan dutse ne aka jera kan dutse, ba siminti. Ruwa ya zo ya bi ta tsakankaninsu ya wuce abinsa, ƙasa ta tsaya. Ba wanda ya baje tsaunin. Abin da Injiniya ke bayani da lissafi, tsofaffinmu da hannu suke yi.

Injiniya Mai Rodi: Madalla Ɗan Madagali. Na zamaninsa shi ne dutsen da ake cusawa cikin ragar waya a jera. Ga lambun ƙasan gida ya wadatar, kuma dutsen da aka fasa a filin ne za a yi amfani da shi, ba sai tifa ta kwashe an biya ba.

Zainab Mai Zane: Ina tare da abokin sana'ata a kan bin tudu, amma ba na tare da shi a kan gilashin. Baba, ka ce gangaren yamma yake kallo. Abuja tana kusan digiri 9 ne arewa da layin tsakiyar duniya, da tsakar rana rana a saman kai take, rumfar kankare kaɗan ta isa ta kare taga ta kudu ko ta arewa. Ta yamma ba haka ba. Daga bayan la'asar rana tana sauka ƙasa-ƙasa, tana shigowa ta ƙarƙashin kowace irin rumfa, ta bugi daɓe da kujeru har bangon ƙurya. A watan Maris da Afrilu falon nan ba zai zaunu ba sai na'urar sanyi na aiki ba tsayawa. Daga nan sai a sayo labule mai kauri a rufe. An biya kuɗin gilashi don a ga gari, an biya kuɗin labule don kada a gani.

Abin da zan yi da ni ce: baranda mai zurfi a gaban gilashin, mita 3 ko fiye, sannan a bakinta a jera alluna a tsaye, na katako ko alminiyom, waɗanda ake juyawa. Su ne ke tare ranar yamma, na kwance ba sa yi. Gilashin ya zama mai ruɓi biyu, kuma ba ko'ina ba, a falo da wurin cin abinci kawai. Ɗakunan kwana a ba su taga ta hankali, da wata ƙarama a bangon da ke fuskantarta don iska ta ratsa. Iskar kan tudu kyauta ce, zanen da ya rufe gida ruf ya yi asararta.

Abu Kalifoniya: Gaskiyarki. Ni a Los Angeles nake, inda yawancin hotunan nan da masu zane ke nuna muku suka samo asali. Gidan da ake kira Stahl House a tsaunukan Hollywood, Pierre Koenig ya zana shi, aka gama a 1960, ƙarfe da gilashi, hoton da Julius Shulman ya ɗauka da dare ya zaga duniya. Abin da ba a cika nunawa ba, ɓangaren da ke kallon titi bango ne rufaffe. Gilashin sararin sama da fitilun gari yake kallo. Ko su ba su buɗe wa mai wucewa cikin gidansu ba.

Na biyu, ruwan da ke sauka a nan a shekara a matsakaici bai kai milimita 400 ba. Na Abuja ya haura 1,000 nesa ba kusa ba, kuma cikin wata shida ko bakwai yake zubowa. Rufin nan shafaffe da ke burge ku, a wajenmu ba ya shan wuya. Tamu masifar gobarar daji ce, kun ga abin da ya faru da unguwar Pacific Palisades a Janairun 2025. In wuta ta cinye ciyayin tudu, ruwan da ya biyo baya sai ya gangaro da laka.

Talaka Bawan Allah: Wato su ma masu dala ba barci suke ba. Alhamdu lillahi da ɗakina ciki da falo a Nyanya.

Malam Na Zaure: Alhaji, akwai abin da ban ji an taɓo ba, haƙƙin maƙwabcin da ke ƙasa da kai. Wanda ke kan tudu yana ganin tsakar gidan na ƙasa ko bai yi niyya ba, balle an yi baranda musamman don kallo. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, an hana mutum buɗe tagar da zai riƙa leƙen maƙwabci ta cikinta, an kuma hana shi yin haƙar da za ta cutar da maƙwabci ko da a cikin mallakarsa ne. Ka ga duka biyun sun shafe ka: taga da haƙa. Har da ruwan da zai gangaro daga rufinka, kada ya zama shi ne zai kwana yana kwarfa.

Zainab Mai Zane: Allah ya saka, Malam. Wannan ana maganinsa a zane. In aka yi wa bakin baranda kwamin shuke-shuke mai faɗin mita ɗaya da rabi, mai tsayuwa ba ya isa gaɓa balle ya leƙa ƙasa, idonsa nesa yake tafiya. Yana ganin gari, ba ya ganin shanyar maƙwabta.

Kuma Baba, ka faɗa wa Hajiya gangaren nan gata ne gare ta. Dubi tsarin gidanmu na gargajiya: zaure, ƙofar gida, shigifa, sannan cikin gida. Baƙo yana tsayawa inda matsayinsa ya kai. A shimfiɗaɗɗen fili da bango da lungu ake raba su. A naka filin tudun ne zai raba. Hawan sama da ke daidai da titi: gareji, falon baƙi, ɗakin baƙo, banɗaki da wurin alwala. Hawa na tsakiya: falon iyali, kicin, sashen maigida. Hawan ƙasa: sashen Hajiya da yara, ya buɗe zuwa tsakar gida da lambu. Baƙo na sama ba shi da hanyar ganin ƙasa in an ja rufin tsakiya ya rufe. Daga titi ma gidan zai yi kama da ƙaramin gida mai hawa ɗaya, wanda a zamanin nan ba ƙaramin rufin asiri ba ne.

Hajiya Mai Labule: 'Yata Zainab kin yi magana, amma bari in faɗi ta masu zama a ciki, don ni ake kira bayan an tare. Kicin a hawa na tsakiya, to buhun shinkafa da jarkar mai da tukunyar gas wa zai sauko da su? A yi ƙofar baya da gangara mai laushi daga gareji zuwa sito, ko ƙaramar lifta ta kaya. Kicin ɗin nan buɗaɗɗe da ke haɗe da falo, na masu dafa shayi da ƙwai ne. Ranar da aka soya manja ko aka kaɗa miyar kuka da daddawa, kujerun yadi za su riƙe ƙamshin har mako. A yi biyu: na gani a ciki, na aiki a rufe da ƙofarsa da tagarsa, da ɗan fili a waje na murhun biki.

Farin fenti da farin silin kuma, ku tuna muna turaren wuta. Inda ake ajiye kasko kullum, sama tana yin rawaya. Ni nakan ce a ware masa gurbi a bango a liƙa dutse ko tayil mai duhu. Mabul mai sheƙi a matattakala kuwa kada a soma. Ƙafa da danshin alwala, yaro da gudu, tsohuwa da carbi a hannu. A sa dutse mai kaushi, a yi maƙari gefe biyu, da 'yan fitilu a ƙasan bango.

Sai hunturu. Gilashin da ke rataye a kan gaɓar mita 9, wa zai goge bayansa in ƙura ta kwanta? Wata da na yi wa aiki, sai da aka riƙa kafa mata sandunan ƙarfe irin na masu fenti duk lokacin da za a wanke taga. In akwai barandar da Zainab ta faɗa, mai aiki ya tsaya da bokitinsa ya goge, shi ke nan.

Baban Sadiq: Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mahaifiyata za ta zauna tare da mu, kuma gwiwa ta fara ba ta matsala.

Hajiya Mai Labule: To sashen Inna a hawan titi, kada a yi musu. Ƙofarta daban da ta baƙi maza, ba tudu ko ɗaya daga mota zuwa gadonta. Masu zuwa gaishe ta ma tsofaffi ne. Lifta tana da kyau, amma wuta ta ɗauke da mutum a ciki sau ɗaya, ba za ta ƙara shiga ba.

Zainab Mai Zane: In ana son keken guragu ya bi gangara, ƙa'idar ita ce duk hawan mita 1 a ba shi tsawon mita 12. Hawa ɗaya na gida ya kai mita 3, kun ga mita 36 ke nan ban da wuraren hutawa. Don haka maganar Hajiya ita ce mafita. Kuma tun a zane a duba alƙibla, daga Abuja gabas ce ta karkata arewa. Gidan da ke bin tudu yakan juya yadda tudun ya so, sai an gama a tarar masai na fuskantarta, ko wurin salla ya faɗo a karkace.

Magini Ɗan Jos: Ni tambayata wurin ninkayar. Mu a Jos mun saba gini tsakanin duwatsu, amma tafki a bakin gaɓa ban taɓa sa hannu ba.

Injiniya Mai Rodi: Lissafinsa ba wuya. Ruwa mita 1 tsawo, faɗi da zurfi tan 1 ne. Tafki mai mita 10 da 4, zurfin mita ɗaya da rabi, tan 60 ke nan na ruwa kawai, ban da kankare. An ɗora shi a wuri mafi rauni a filin. In ya zauna a kan dutse, lafiya lau. In a kan ciko ne kuma ya fara yoyo a ɓoye, shi da kansa zai jiƙa ƙasar da ke riƙe da shi.

Haka baranda mai zarcewa ba ginshiƙi a ƙarƙashi. Gidan Fallingwater a jihar Pennsylvania, wanda Frank Lloyd Wright ya zana a 1935, duk ɗalibin zanen gini ya san shi. Barandarsa ta yi ta sunkuyawa har kusan inci 7, sai a 2002 aka ɗaure ta da igiyoyin ƙarfe daga ciki. In na Wright ya sunkuya, wanda aka rage wa rodi da dare fa?

Ɗan Kwangila Kubwa: Wannan kuma habaici ne, Injiniya.

Injiniya Mai Rodi: Wane ni, Alhaji. Wanda ya tsargu dai.

Ɗan Kwangila Kubwa: Na ji duka, amma har yanzu ba wanda ya ba ni wurin kafa rumfa. Kuma ku faɗa wa Alhaji gaskiya: gida hawa-hawa yana nufin bangon bayan kowane hawa yana jingine da ƙasa. Danshi zai shigo, fenti ya kumbura, kaya a kabad su yi funfuna. Na ga haka ba sau ɗaya ba.

Zainab Mai Zane: Wannan gaskiya ce, kuma ita ce babbar illar tsarin. Maganinta kada bangon ɗaki ya zama shi ne katangar tare ƙasa. A bar rata tsakaninsu, ko da ta mutum ya wuce ce, da magudana a ƙasanta. Ko a jera sito, banɗaki da matattakala a wannan gefen, ɗakunan kwana su koma gaba. Rumfa kuwa, rufin hawa na tsakiya in an yi shi daidai da titi ya zama farfajiya. Sai dai a faɗa wa injiniya tun farko cewa mutane da motoci za su hau, ya yi lissafinsa da haka.

Magini Ɗan Jos: A ƙara da ƙarfen kariyar tsawa, gidan kan tudu shi ne na farko. Kuma burtsatse a kan dutse sa'a ce, a nemo masu auna ruwa kafin a zaɓi inda gida zai zauna, kada a gama a ga wurin ruwan yana ƙarƙashin falo. Daɗinta, in tanki na sama, hawan ƙasa zai sami ruwa da ƙarfi ba famfon tura ruwa. Wahalar tana ga ruwan banɗaki, da yake titi na sama. Ramin sokawe kada ya kusanci katangar ƙasa.

Malam Na Zaure: Nakiyar fasa dutsen fa? Ina tuna girgizar da aka ji a Mpape a Satumban 2018, har hukumar birnin ta dakatar da fasa duwatsu a yankin na wani lokaci.

Injiniya Mai Rodi: A unguwar da mutane suka riga suka tare, nakiya sai da izini, kuma tagar maƙwabci in ta fashe kai ne. Akwai injin sara, akwai kuma hodar da ake damawa a zuba cikin hujin da aka yi wa dutse, ta kumbura ta tsaga shi ba ƙara. Tana da jinkiri, amma ba ta haɗa ka da kowa. Dutsen da ya leƙo wuri biyun nan ma, ni da za a bar ɗaya ya shigo cikin falon ƙasa a matsayin bango.

Hajiya Mai Labule: A'a Injiniya, ban da wannan. Kyau a hoto, amma da damina yana gumi, ga kunama da ƙadangare. A bar shi a tsakar gida yara su hau.

Baban Sadiq: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tura wa mai zanen maganar baranda da sashen Inna, wurin ninkaya kuma uwargida ta ce a mayar da shi lambu. Injiniya, gwajin ƙasar rami nawa ya kamata a haƙa a fili irin wannan, kuma yanzu za a yi ko a jira ruwa ya sauka?

Injiniya Mai Rodi: Kada ya gaza uku, sama da tsakiya da ƙasa, a ƙara ɗaya a inda katanga mafi tsawo za ta zauna. A yi yanzu. Amma ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ka je filin da kanka da lema ka ga ta inda ruwan titi ke shigowa da inda yake fita, ka ɗauko bidiyo ka turo wa mai zanen kafin ya kai takardu ofishin kula da gine-gine.

Ɗan Kwangila Kubwa: In sakamakon ya fito a sako shi nan. In dutsen bai wuce mita 2 a ƙarƙashi ba, ina nan a kan bakana.